Bodin alminiyam a manyan motoci: ina ribar take, wa kuma ke biyan kuɗinta?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina shirin sayen Range Rover ƙirar 2014, 'yar tokumbo da aka shigo da ita daga Amurka, zan riƙa hawanta tsakanin Kano da Abuja. Dillalin sai kambama min ita yake yi, wai bodinta alminiyam ne, ba ta tsatsa, ba ta shan mai. Wani abokina kuma ya ce in guje ta, wai ko ƙwarzane ta samu babu mai iya gyarawa. Maganar wa zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji. Allah ya sanya alheri a cinikin. Dillalinka bai yi maka ƙarya ba, abokinka ma haka, kowannensu dai ya yanki gefen da ya yi masa daɗi ne ya miƙo maka. Ni aikin bodi na taso ina yi, da guduma da wutar kabaid na fara kamar kowane yaron gareji, daga baya na koyi aikin alminiyam. To bari in ba ka labarin daga wurin da nake tsaye, wato wurin wanda ake kawo wa motar bayan an buga ta. Amsar za ta ɗan yi tsawo, ka yi haƙuri, kuɗin da za ka zuba ba na wasa ba ne.

Abin da ya sa kamfanoni ke wahalar da kansu da alminiyam rashin nauyinsa ne. In ka yanko ƙarfe da alminiyam masu girma ɗaya ka ɗora a sikeli, inda ƙarfen ya ba ka kilo 7.8, alminiyam ɗin 2.7 zai ba ka, wajen kashi ɗaya cikin uku ke nan. Wanda ya ji haka sai ya ɗauka motar za ta zubar da kashi biyu cikin uku na nauyinta. Ina! Alminiyam ya fi ƙarfe saurin lanƙwasa, shi ma wajen ninki uku, dole sai an ƙara masa kauri kafin ya tsaya. Fallen ƙofar da za a yi da ƙarfe mai kaurin milimita 0.7, in da alminiyam ne sai an kai shi milimita ɗaya ko sama da haka. Bayan an gama wannan lissafi, abin da ke saura ragin kashi 30 zuwa 40 ne cikin 100, kuma a kan ƙwarangwal ɗin bodin kawai, ban da inji da giya da kujeru da gilasai da tayoyi.

Mu ɗauki motar da kake nema. Wannan zubi na Range Rover, wanda masu sana'a ke kira L405, a 2012 aka fito da shi daga masana'antar Solihull a Ingila, kuma shi ne jif na farko da aka yi wa bodi, har da ƙwarangwal ɗinsa, na alminiyam zalla. Kamfanin ya ce bodin ya fi na wadda ta gabace ta sauƙi da kashi 39 cikin 100, wajen kilo 180. Amma adadin da aka fi yayatawa a talla kilo 420 ne, kuma a nan akwai ɗan wayo: an gwada sabuwar mai injin dizal V6 ne da tsohuwar mai V8, saboda haka wani kaso na ragin daga injin ya fito. Duk da wannan ragi motar ta haura tan biyu. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa in aka rage wa mota kashi 10 cikin 100 na nauyinta, man da take sha yana raguwa da kashi 6 zuwa 8. Ragi ne na gaske, sai dai wadda aka kai kasuwar Amurka a 2014 injin fetur gare ta, ko dai V6 mai lita 3 ko V8 mai lita 5, dukansu da sufacaja, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi. Ta fi yayarta sauƙin sha, wannan gaskiya ne. Amma wai ba ta shan mai, ka ce wa dillali ya cika maka tanki ya biya tukuna, sannan ya maimaita.

Inda za ka ji amfanin alminiyam a jikinka wajen tuƙi ne. Motar da ba ta da nauyi ta fi saurin tashi, ta fi saurin tsayawa in ka taka birki, ba ta kwanciya sosai a kwana. Ragin kuma haihuwa yake yi: bodi ya yi sauƙi, sai a iya rage girman birki da ƙafafu, su ma su rage nauyi. Sannan yadda ake haɗa bodin, da gam da ribit, yana sa shi ya zama dunƙule guda wanda ba ya murɗewa. Lokacin da Jaguar ta fito da XJ ta alminiyam a 2003, ta ce bodin ya fi na tsohuwar sauƙi da kashi 40, ya kuma fi shi ƙin murɗewa da kashi 60, da ribit sama da 3,000 da gam mai tsawon fiye da mita 100 a jikinsa. Bodin da ba ya murɗewa shi ke barin shakazoba ta yi aikinta ita kaɗai, shi ya sa kake jin motar shiru, ba ƙuwwa, ba kas-kas a dashbod. Wajen haɗari ma kar wani ya tsorata ka da cewa gwangwani ce. An tsara sandunan gaba su riƙa naɗewa daki-daki suna shanye bugun kafin ya iso ga mutane, kuma wannan Range Rover ɗin ta samu tauraro biyar a gwajin haɗari na 2012 na Euro NCAP, hukumar da ke gwada lafiyar motoci a Turai.

Akwai abin da ba a faɗa a talla. Nauyin da aka rage a bodi, yawanci ba kai ake bar wa shi ba. Cike gurbinsa ake yi da kujeru masu tausa, da gilashi mai ninki biyu, da rufin gilashi, da lasifikoki barkatai, da firji, a sababbi kuma da batir. Ga dokokin Turai na rage hayaƙi sun matsa wa kamfanoni lamba. Alminiyam shi ne ya ba su damar ci gaba da loda wa mota kayan alatu ba tare da ta kai nauyin tifa ba.

Abin ba sabo ba ne. Manyanmu sun san Landiroba ta da, wadda jami'an gona da 'yan sanda suka yi ta ratsa daji da ita. Tun 1948 bodinta alminiyam ne, wani gauraye da ake kira Birmabright, kuma ba alatu ya kawo haka ba: bayan yaƙin duniya na biyu ƙarfe rabonsa ake yi a Ingila, alminiyam kuwa ya fi sauƙin samu tunda an rage ƙera jiragen yaƙi. Sai dai can falle ne kawai aka ɗora a kan shasin ƙarfe. Mayar da ƙwarangwal ɗin kansa alminiyam sai a 1990 da Honda NSX, sai Audi A8 a 1994 wadda aka yi aikinta da kamfanin alminiyam na Alcoa, sai Ferrari 360 a 1999, Rolls-Royce Phantom a 2003, Tesla Model S a 2012. Ka lura duk masu tsada ne. Tan ɗaya na alminiyam ya kan ninka kuɗin tan ɗaya na fallen ƙarfe sau uku ko fiye, ga wuyar bugawa a injin matsa, ga tsadar haɗawa. Audi ta gwada shi a ƙaramar mota, A2, daga 1999, mota mai kyau ƙwarai, amma tsada ta hana ta kasuwa, a 2005 aka daina yin ta.

Sai maganar tsatsa. Alminiyam ba ya yin jar tsatsar nan da ke cin ƙarfe har ta huda shi. Da zarar iska ta taɓa shi sai ya yi wa kansa wata siririyar fata da ke tsare abin da ke ƙarƙashinta, in an kankare ta kuma nan take wata ta fito. Wannan fa'ida ce ta gaske. Amma yana da tasa cutar. Duk inda alminiyam ya haɗu da ƙarfe tsirara, ga danshi, balle da gishiri, sai wurin ya zama kamar ɗan ƙaramin batir, kuma alminiyam ɗin ne ke cinyewa. Za ka ga fenti ya yi ƙuraje, in ka fasa sai farin gari kamar alli. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar Landiroba ya san ƙasan ƙofofinta, inda fallen alminiyam ya naɗe a kan firam ɗin ƙarfe, nan ne ke fara rubewa. A masana'anta suna raba su da gam da shafe-shafe, ƙusoshin ma masu rufi na musamman ne. Matsalar tana farawa ne ranar da bakanike ya ɓatar da ƙusa ɗaya ya ɗauko wata daga cikin gwangwani ya ɗaura.

Ka kuma tambayi kanka nawa wannan fa'ida za ta amfane ka. Mutumin Kanada ko arewacin Amurka, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, shi ya san darajar bodin da ba ya tsatsa. Mutumin Legas ko Fatakwal ko Kwatano, da iskar teku ke bugawa, shi ma ya samu wani abu. Kai da ke Kano, inda Fijo 504 ta shekara arba'in take yawo da bodinta na ƙarfe, rana da ƙura da ramuka su ne abokan gabarka. Har ma akwai wata illa a ɓoye ga mai sayen tokumbo: motar ƙarfe in ta sha gishiri jikinta yana tona mata asiri, ta alminiyam kuwa sai ta zo fes kamar amarya, alhali a ƙasa bututun birki da ƙusoshi da salansa da sauran kayan ƙarfe duk sun ci tsatsa. Kyan ɗan maciji ke nan. Sai an ɗaga ta an leƙa.

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙa, wato gyara.

Ƙarfe yana da haƙuri. In ya lotsa, akwai wani abu a jikinsa da ke son komawa yadda yake, mai gyaran bodi yana taimaka masa ne kawai da guduma da dabara. Alminiyam ba shi da wannan hali. Inda aka lanƙwasa shi nan yake zama, wurin kuma ya ƙara tauri. Ka matsa masa ya dawo, ya ƙara tauri. Ka sake, ya tsage. Ɗauki gwangwanin lemo ka lanƙwasa shi gaba da baya sau huɗu ko biyar, za ka ga abin da nake nufi. Saboda haka bugun da fanel bita na kirki zai miƙar cikin yini ɗaya a jikin Camry, a jikin alminiyam sau da yawa hukuncinsa a cire a sa sabo.

Wuta kuma ita ce babbar musiba. Duk wanda ya koyi aiki a garejinmu da launi yake karanta zafin ƙarfe: ya yi shuɗi, ya yi ja, ya yi ruwan lemo, ya san inda zai tsaya. Alminiyam ba ya canza launi ko kaɗan. Yana nan fari kamar ba abin da ke damunsa, sai kawai ka ga wurin ya zube ya bar rami, don a digiri 660 yake narkewa, ƙarfe kuwa sai ya kusa 1,500. Tun kafin ya narke ma an riga an yi ɓarna. Fallen waje na waɗannan motoci gauraye ne da aka ba shi ƙarfinsa ta hanyar gashi, har zafin tandun fenti na masana'anta, wajen digiri 180, yana cikin lissafin. In ka wuce da zafi, ƙarfin ya tafi, kuma ido ba ya gani. Shi ya sa masu ƙera motocin ke iyakance zafin da za a sa wajen miƙar da lotsawa, wajen digiri 200 da 'yan kai, a kuma riƙa aunawa da na'ura ko da wani alli da ke narkewa in an kai iyaka. Ga shi alminiyam yana yaɗa zafi da sauri fiye da ƙarfe nesa ba kusa ba. Kana gasa nan, zafin ya tafi can ya ƙona gam ɗin da ke riƙe da haɗin da ba ka ma duba ba.

Walda kuma, ka tuna fatar nan da na ce tana kare shi daga tsatsa? Ita ba ta narkewa sai an wuce digiri 2,000. Wato abin da ke ciki ya zama ruwa, fatar tana nan kamar leda. Dole a goge ta da burushin da bai taɓa taɓa ƙarfe ba, a yi waldar nan take da iskar agon, da waya irin ta gaurayen da ake aiki a kai. Muna da masu waldar agon na kirki a Kano da Kaduna da Abuja, suna gyara rim da lagireto da kaskon inji, hannunsu yana da kyau. Sai dai liƙe rim daban, sanin inda kamfani ya yarda a yi walda a ƙwarangwal ɗin mota daban. Jaguar da Range Rover masu bodin alminiyam irin wannan kusan ba walda aka haɗa su da ita ba. Gam ne mai ƙarfi, da wani irin ribit da ke huda falle na sama ya buɗe ƙafafunsa a cikin na ƙasa ba tare da ya fita ba. In za a canza ɓangare, sai an cire ribit ɗin ɗaya bayan ɗaya, a kankare tsohon gam, a shafa sabo irin wanda kamfani ya ce, a mayar da ribit irin wanda littafin gyara ya faɗa, kafin gam ɗin ya bushe. Bindigar wannan ribit kaɗai kuɗinta ya isa ya buɗe wa yaro gareji.

Akwai kuma sassan da zuba su aka yi, kamar yadda maƙera ke zuba tukunya, misali mazaunin shakazoba na gaba. Waɗannan ba a miƙar da su, ba a liƙe su. Sun tsage, ko ma ana zargin sun tsage, sai canji. Alminiyam kuma in tsaga ta fara a jikinsa, ko siririya kamar gashi, girgizar hanya tana ƙara ta kullum. Wanda ke bin hanyar Kano zuwa Abuja ya san irin girgizar da nake nufi.

Ko wurin aikin ma sai an ware. Guduma da samfefa da giranda da suka taɓa ƙarfe ba sa taɓa alminiyam, don ɓurɓushin ƙarfen da ya maƙale a jikinsa shi zai zama ƙurajen fenti bayan wata shida. Ƙurar alminiyam kuma tana kama wuta, in ta taru a rufaffen wuri har fashewa take yi. A Turai garejin da kamfani ya amince da shi ɗaki guda yake warewa, da kayan aikinsa da injin zuƙe ƙurarsa.

Na taɓa karɓar wata babbar salun ta alminiyam da aka gyara wa gefen baya a wani gareji. Daga nesa aikin ya yi kyau, fentin ma ya hau. Mai ita ya zo ne kawai don fentin ya fara kumbura a layi. Da muka kankare sai ga foti mai kaurin yatsa, a ƙarƙashinsa an huda fallen an ja shi da sukurori na ƙarfe, wasu ma an bar guntayensu a ciki, kowanne ya yi farin zobe a kewayensa. Can ciki kuma an sa wuta har gam ɗin haɗin ya zama gawayi. Wanda ya yi aikin ba mugu ba ne, abin da ya iya a kan ƙarfe shi ya yi, kuma da ƙarfen ne da aikinsa ya wuce. Kuɗin gyaran gyaran ya ninka abin da za a kashe tun farko, motar kuma ta yi wata biyu tana jiran falle daga waje. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da an sake bugun motar a wannan gefe, da iyalinsa a baya, babu wanda zai iya cewa ga yadda haɗin zai yi.

Kar ka ɗauka mu kaɗai abin ya dama. Da Ford ta mayar da bodin a-kori-kurarta F-150 alminiyam a 2015, ta rage mata wajen kilo 300, cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka ta buga sabuwar da tsohuwar ta ƙarfe a ƙaramin gudu, kuɗin gyaran ta alminiyam ya fi da kashi 26 cikin 100. Ford ta shawo kan abin ne da sauke farashin kayan bodi da horar da masu gyara, don mota ce ta gama-gari da ake sayarwa da yawa. Masu manyan motoci ba wanda ya yi musu wannan gata. A can inshora ke ɗaukar nauyin, kuma tsadar gyaran ce ke sa kamfanin inshora saurin yanke wa irin waɗannan motoci hukuncin cewa gyara ba riba, ya tura su gwanjo. Daga gwanjon ina suke zuwa? Kwantena, sai Kwatano ko Legas. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Su kansu kamfanonin sun ɗan ja da baya. Audi, wadda ta yi suna da alminiyam, da ta fito da A8 ta 2017 sai ga alminiyam ya sauko zuwa kashi 58 cikin 100 na bodin, ƙarfe ya kai wajen kashi 40, sauran magnesiyam da zaren kabon. Dalili shi ne masu ƙarfe ba su yi barci ba. Sun fito da ƙarfen da ake bugawa da zafinsa, mai tsananin ƙarfi, wanda siririnsa ke tsare ɗakin fasinja fiye da alminiyam mai kauri, musamman a ginshiƙin tsakiya inda babu filin ƙara kauri. BMW ta bi hanyar gauraye a 7 Series ta 2015. Tesla da ta zo yin Model 3 a 2017, mai sauƙin kuɗi, ƙarfe ta fi zubawa. A ganina wannan ita ce amsar injiniyoyi ta gaskiya, kowane abu a sa shi inda ya fi amfani. Ga mai gyara kuwa an yi gudun gara an faɗa gidan zago, don yanzu a mota ɗaya sai ka san wane falle ne wane kafin ka ɗaga guduma.

Masu cewa alminiyam ya fi alheri ga muhalli, maganarsu da saura. Narkar da sabon alminiyam daga ƙasar boksait, irin wadda ake haƙa a yankin Boke na ƙasar Gini, yana cin wutar lantarki wajen yunit 14 a kowane kilo, shi ya sa ake gina masana'antarsa kusa da madatsun ruwa, kamar VALCO ta Tema da ke shan wutar Akosombo a Gana. Sake narkar da tsoho kuwa kashi 5 cikin 100 na wannan wuta yake ci. 'Yan gwangwan sun riga kowa sanin wannan lissafi, ka ga yadda suke rububin alminiyam. Ranar da motar ta mutu gawarta za ta yi kuɗi, sai dai ba na jin don wannan za ka saye ta.

Abokinka kuwa ya zuzuta. Ƙwarzane aikin fenti ne, mai fenti na kirki zai yi shi, abin da ake buƙata kawai ya sa firamar da ta dace da alminiyam, kar kuma ya goge da samfefar da ya yi aikin ƙarfe da ita. Ƙaramar lotsawa da ba ta fasa fenti ba ana turo ta daga ciki da sanduna, ta fi ta ƙarfe taurin kai amma tana fita. Bonet da ƙofa da madigadi na gaba ƙusa ke riƙe da su, a kwance a ɗaura na tokumbo, shi ke nan. Bamba ma roba ce. Yawancin abin da ke samun mota a cunkoson Kano, ɗan adaidaita ya goga, mai babur ya daki ƙofa, duk a wannan aji suke. Abin tsoro shi ne bugun da ya shiga ƙwarangwal: sandunan gaba, mazaunin shakazoba, ginshiƙai, dokin ƙofa na ƙasa, gefen baya. Kuma in don kwanciya a gareji ne, manyan motoci irin waɗannan shakazobar iska da kayan lantarki da bututun ruwa sun fi kwantar da su a kan bodi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ka ware wa waɗannan kasonsu daban.

To ga shawarata. In motar ba ta taɓa shan bugu a ƙwarangwal ba, bodin alminiyam ba dalilin fasa saye ba ne, riba ce ma, za ka ji daɗin tuƙinta. In kuwa daga gwanjon motocin haɗari ta fito, aka miƙe ta a wani wuri da ba ka sani ba, ko rabin kuɗi aka ce ka biya ni ba zan sa iyalina a ciki ba. Motar ƙarfe da aka yi wa gyaran banza takan nuna alama, ta alminiyam shiru take yi.

Yadda za ka bambance: karɓi lambar shasi, mai harufa da lambobi 17, ka sa a bincika tarihinta a intanet. Motocin Amurka da suka bi ta gwanjo sau da yawa har hotunansu na ranar da aka kai su suna nan. Dillalin da ya yi ta kwana-kwana a kan ba ka lambar ya riga ya ba ka amsa. Dabarar nan ta manna maganaɗisu a jikin mota don gano foti ba ta aiki a nan, maganaɗisu ba ya kama alminiyam ko da foti ko babu. Sai na'urar auna kaurin fenti, ita ma irin wadda ke karanta alminiyam. Ba wani adadi za ka haddace ba, ka auna ko'ina ka gwada: in rufi da ƙofofi suna ba da abu ɗaya, gefe guda ya ninka su sau uku, an yi aiki a wurin. Buɗe bonet ka dubi kawunan ribit. Na masana'anta a jere suke, tazararsu ɗaya, a shafe da fenti. In ka ga ribit mai rami a tsakiya irin na masu kwanon rufi, ko sukurori, ko dunƙulen walda a inda ɗaya gefen ba shi da shi, tsaya nan. Kullum ka riƙa gwada hagu da dama, gefen da ba a taɓa ba shi ne malaminka. Ɗaga kafet ɗin but ka duba ƙasa. A ɗaga motar sama, ka shiga da tocila. Dubi yadda tayoyin gaba suka ci, in ɗaya ta cinye ta ciki, a kai ta awon saiti kafin a yi maganar kuɗi.

Sannan tun kafin ka biya, ka nemo wanda zai gyara maka ita in ƙaddara ta faɗa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka je garejin da ƙafarka. Tambaye shi da me yake ɗumama alminiyam, da me kuma yake auna zafin. Ka ce ya nuna maka gudumominsa na alminiyam. In ya nuna maka tulin da kowa ke ɗauka ya ce ai duk ɗaya ne, yi masa sallama cikin mutunci. Inshora kuma ka yi cikakkiya, ba 'yar takardar nuna wa jami'an hanya ba, ka kuma tambaye su a rubuce ko sun yarda a sayo falle sabo maimakon a miƙe tsoho.

In ka samu lambar shasin turo min ita, tare da hotunan ƙarƙashin bonet, hagu da dama, musamman kewayen mazaunin shakazoba. A ɗauka da rana, kuma kafin dillali ya sa a wanke injin a shafa masa mai.